Bindiga Mai Shekara Ɗari Bakwai

Duk wanda ya taɓa shan shayi a rumfata da ke Kasuwar Talata ya san Hizam, ko bai gan shi ba ya ji muryarsa. Maƙwabcina ne a ƙauyenmu na Marƙab, cikin duwatsun Haraz, kuma tun muna yara nake fama da shi. Wata huɗu ya yi a aikin soja, duk a ɗakin girki yana feraye dankali, amma shekara ashirin ke nan yana ba mu labarin yaƙe-yaƙen da ya gwabza a cikin wata huɗun. Mu muka laƙaba masa Kanar don tsokana, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu, har ta kai in ka kira shi Hizam sai ya yi kamar da wani kake.

Abin da Kanar ya fi ji da shi a duniya shi ne jambiyarsa, wuƙar ɗamarar da kowane namiji a wajenmu ke ɗaurawa a ciki. Ya ce ƙotarta ƙahon karkanda ne, gadon kakan kakansa, kuma wani attajiri daga San'a ya taɓa miƙo masa makullin mota a kanta ya ƙi. Ba ya barin kowa ya taɓa ta. In ka kai hannu sai ya doke.

A shekarar da nake ba ku labari, ruwan bazara ya rushe katangar dutsen da ke riƙe da gonar gahawar yayarsa Taƙiyya. Mijinta Murshid ya rasu ya bar mata 'yan mata uku da itatuwan gahawa arba'in, ba ta da wani abin bayan su. In babban ruwa ya sauko bayan wata biyu katangar na kwance, ƙasar da itatuwan duka a kwari za a tsince su. Taƙiyya ba mai kuka a gaban mutane ba ce. Ta shiga ɗaki ta sauko da tsohuwar bindigar Murshid daga bango, ta ce a kai wa Baffa Dahan, tsohon maƙerin bindigogi na kasuwarmu, ya duba ya faɗi abin da za ta yi.

Tsautsayi ya sa Hizam na gidan yana cin miyar salta da gurasa, ni kuma na kawo mata tsani.

Ya ajiye gurasar da ke hannunsa ya ce, “Yaya, yanzu kina da Kanar a gida ki kai bindiga wurin maƙeri? Me Dahan ya sani ban da hura wuta?”

Ta ce, “Ya san bindiga. Kai kuma ka san dankali.”

“Ki ba ni kwana uku kawai. In ban samo miki kuɗin katanga uku ba, ki canza mini suna.”

“Sunan da kake amsawa ma ai ba naka ba ne.”

Haka ya yi ta naci har ta gaji. Ta dube ni ta ce, “Sinan, ka sa mini ido a kansa, don Allah.” Na amsa, kuma har yau ina jin haushin kaina da na amsa.

Da yamma ya tara mu a zaurensa wajen taunar ganyen kat, ya shimfiɗa bindigar a kan darduma, ya ɗauko tabaran matarsa ya ƙwama. Doguwa ce, ƙarfenta ya yi duhu irin na tsufa, iccen kuma ya yi santsi saboda hannun mutane uku da suka riƙe ta, kaka da uba da ɗa.

Ya juya ta ya ce, “Ta Ingila ce.”

Wani ya ce, “Kanar, ga jinjirin wata nan an buga a jikinta.”

“To ai shi na ce, ta Turkawa ce da Ingila suka yi sha'awa.” Ya ɗaga ƙaramin tsanin saiti, ya ga lambobi a jere. “Kun ga waɗannan? Adadin mutanen da ta kashe ne. Kun ga har ashirin.”

Na ce, “Nisan harbi ne, Hizam.”

“Kai dai ka tsaya a kan shayinka.”

Daga nan ya zare sakatar bindigar don ya nuna mana yadda soja ke warware ta ido a rufe. Ya rufe idon kuwa. Ya murɗa wani abu, wani ƙarfe ya yi tsalle ta taga ya faɗa garken awakina. Mu shida, manya masu gemu, muka yi ta rarrafe cikin kashin awaki muna nema, shi yana tsaye a taga yana ba da umarni. Sai da la'asar sakaliya aka same shi a ƙarƙashin bunsuru. Ni na mayar da sakatar, don na taɓa ganin Murshid yana yi.

A lokacin ne idon Hizam ya faɗa kan wani rubutu a gefen ƙarfen, kusa da tambarin sarkin Istambul. Ya shafa yawu, ya goge da babban yatsa, ya karanta a hankali: dubu ɗaya da ɗari uku da goma sha biyu. Ya ɗaga kai ya dubi kalandar mai sayar da taki da ke rataye a bango, inda aka rubuta 2000 ɓaro-ɓaro da jan tawada. Ya yi ta motsa baki yana lanƙwasa yatsu. Sai na ga ganyen da ke kumatunsa ya tsaya cak.

Ya sallami sauran, ya rufe ƙofa, ya jawo ni kusurwa. “Sinan, shekararta ɗari shida da tamanin da takwas! Kusan ɗari bakwai! Wallahi wannan ba katanga ba, gidan sama za mu gina wa Yaya a San'a.”

Ni ba gwanin lissafi ba ne in ya wuce kofunan shayi, amma abin bai kwanta mini ba. Na ce, “An yi bindiga a lokacin kuwa?”

“Ga ta a gabanka kana tambaya? Ita ce ta farko! Shi ya sa za ta yi tsada. Kada ka faɗa wa kowa sai ranar kasuwa.”

Washegari Baffa Dahan da kansa ya hauro dutse a kan jakinsa, don labarin sakata da bunsuru ya riga ya kai masa. Hizam ya ɗaure wurin lambar da tsumma, ya ce wai ƙarfen ne ke da kaifi. Tsohon bai ko kula tsumman ba. Ya shinshina iccen, ya ja sakatar ya saurari ƙararta, ya duba ƙananan lambobin da ke jikin kowane ɓangare ya ga duk ɗaya ne.

Ya ce wa Taƙiyya, “'Yata, Jamus ta ƙera wa sojan Turkawa ita, kuma ba a taɓa canza mata ko ƙusa ba. Irin wannan masu tara tsofaffin kaya suke nema. Zan ba ki abin da zai ishi maginan, ya ishi masu ɗauko dutse daga kwari.”

Fuskar Taƙiyya ta washe. Kafin ta buɗe baki Hizam ya yi tsalle ya shiga tsakani.

“Baffa, a kai kasuwa tukuna.”

“A kai, ɗana, hakkinku ne. Abu biyu dai zan roƙe ka. Kada ka wanke ta, wannan duhun shi ne darajarta. Kada kuma ka sa mata harsashi.”

Da jakin ya sha kwana, Hizam ya buga cinya. “Kin ji ko, Yaya? Wai kada a wanke! So yake ta zauna da dauɗa ya saye ta arha. Ni zai yi wa wayo?”

Ta ce, “Hizam, ka ji tsoron Allah, ka bar ta yadda take.”

“Na ji, Yaya. Ƙura kawai zan kaɗe.”

Ranar Litinin na dawo daga rumfa na tarar da shi a kan soro da lemon tsami kwando guda, da toka, da yashi, da soson ƙarfen da matarsa ke kankare tukunya. Bindigar tana ƙyalli kamar sabon faranti. Tambarin sarkin Istambul ya kusa shafewa. Iccen kuwa ya shafe shi da ragowar jan fentin ƙofarsa. Lambar nan kaɗai ya zagaye bai taɓa ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na tuna Murshid yana shafa mata man zaitun da tsumma duk ranar Juma'a.

Na ce, “Ka kashe ta, Hizam.”

“Na raya ta dai. Saura ciki.” Ya ɗaga bakin bindigar ya leƙa da ido ɗaya. “Duhu ne. Ka ga alamar tsufa ke nan, bindigar da ta kai shekara ɗari biyar ba a ganin haske a cikinta.”

Ya zura sandar ƙarfe ya soka da ƙarfi. Busasshiyar laka ta zubo, a bayanta kuma masu gidan suka fito. Ashe zanzaro ne ya yi shekaru yana gini a ciki. Biyu suka same shi a leɓe, ɗaya a fatar ido. Kanar ya jefar da sanda, ya bi ta kan tsani da gudu yana kiran sunan matarsa. Matan unguwa suka leƙo ta tagogi, wata tsohuwa tana cewa, “An kawo hari ne, Kanar? Daga wace ƙabila?”

Ranar Talata ya naɗe bindigar a bargo don kada Taƙiyya ta gani, muka sauka kasuwa. Leɓensa ya kumbura ya yi kamar na raƙumi, ido ɗaya a rufe. Ya wuce layin masu bindigogi, ya zo daidai gaban rumfata inda jama'a suka fi taruwa, ya hau kan buhun masara ya warware bargon. Rana ta daki ƙarfen, mutane suka kare idanunsu.

“Jama'a, ku matso ku ga kakar bindigogin duniya! Shekara ɗari bakwai ba goma sha biyu!”

Mahauci ya ce, “Kanar, ita ce ta yi maka haka a baki?”

“Raunin aiki ne, ba za ka gane ba.”

Mai zuma ya ce, “Bindiga ce ko tiren shayin Sinan?”

Wani ɗan ƙabilar ƙetaren kwari ya karɓa ya juya, ya duba tafinsa ya ga ja. “Fentin bai ma bushe ba. Shekara ɗari bakwai bai ishe shi ba?”

Ana cikin haka Baffa Dahan ya ratso taron yana dogara sanda. Da ya ga bindigar sai ya tsaya, ya dafe ƙirji ya ce, “Inna lillahi.” Sannan ya tambaya, “Ɗana, a ina ka samo ɗari bakwai ɗin?”

Hizam ya kwance tsumman da alfahari, ya nuna lambar. “Dubu ɗaya da ɗari uku da goma sha biyu. Cire shi daga dubu biyu, in ka iya.”

Tsohon ya gyaɗa kai. “Na iya. To ni ma mahaifina ya rubuta haihuwata a bangon Alƙur'aninsa, dubu ɗaya da ɗari uku da arba'in da biyar. Cire mini ita daga dubu biyun, ɗana.”

Mai zuma ya riga kowa. “Ɗari shida da hamsin da biyar! Baffa, ashe haka ka tsufa?”

“Ka ga kuwa har yanzu da haƙorana huɗu.” Ya juyo kan Hizam. “Turkawa da shekarar Musulunci suke rubutu, irin wadda kake azumi da ita, kake yanka rago da ita. Muna dubu da ɗari huɗu da ashirin da ɗaya. Tana nan a kalandarka ƙarƙashin jan rubutun, in ka duba. Bindigar nan shekara ɗari da tara gare ta.”

Kasuwa ta ɗauki dariya, har masu jakuna a can ƙarshe suna tambaya me aka yi. Mahauci ya durƙusa gaban Baffa Dahan yana roƙo ya ba shi labarin Annabi Nuhu. Hizam ya sha jinin jikinsa, gumi ya karyo masa, amma mutum irin Hizam ba ya sauka daga kan buhu cikin sauƙi.

“To, shekaru dai lissafi ne. Aiki ake saya!” Ya zaro harsashi ɗaya daga ɗamarar harsashin marigayi Murshid da ya ɗauro, ya cusa, ya tura sakata.

Na kama rigarsa. “Hizam, kasuwa hurumi ce! Ka manta?”

“Wa ya ce zan harba? Ka ga wannan ɗan harshen na baya? Makulli ne. In yana hagu, ko jaki ya taka kunamar ba za ta tashi ba.”

Baffa Dahan ya ɗaga sanda yana cewa, “Dama, ɗana! Ba hagu ba, dama ne ku...”

Hizam ya ɗaga bakinta sama ya ja kunama.

Ƙarar ta daki dutse ta dawo har sau uku. Gindin bindigar ya hankaɗa Kanar daga kan buhu ya zauna daram cikin kwandon tumatir. Jakuna suka tsinke igiya, kaji suka tashi, maza ɗari biyu masu ɗauke da makamai suka kwanta rub da ciki a bayan buhuna. Ni a ƙarƙashin teburina na sami kaina, da buta a hannu. Harsashin kuwa bai sami kowa ba sai tankin ruwan da ke kan rumfar Shehi Naji, shugaban kasuwa, wanda ke zaune a ƙasa yana sasanta wasu mutum biyu a kan akuya. Ruwa ya tsiyayo masa tun daga rawani har cikin riga.

Shehi ya taso a jiƙe, bai yi sauri ba, bai ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi komai ba mu tsoro. Harbi a kasuwa babban abin kunya ne ga ƙabila duka, sa guda ake yankawa a wanke shi. Kafin a yi hukunci kuma mai laifi yakan miƙa makaminsa jingina, abin da muke kira adal, ya zauna a hannun Shehi har sai an gama, ko da wata shida ne.

Shehi ya miƙa hannu ya ce, “Adal.” Aka ɗauki bindigar aka ba shi.

Gabana ya faɗi. Wata shida, ruwa kuma saura wata biyu.

Sai muka ji murya daga layin mata masu ƙwai. “Ranka ya daɗe, bindigar nan ba tasa ba ce.” Taƙiyya ce, ta ajiye kwandonta ta tako har tsakiyar maza. “Ta marayu uku ce, ita ce katangarsu. Wanda ya yi harbi ya ba da nasa.”

Shehi ya matse gemunsa ya ce, “Gaskiyarki, Taƙiyya.” Ya mayar mata da bindigar, ya dubi cikin Hizam. “Kwance jambiya.”

“Ranka ya daɗe, ƙahon karkanda ce, gadon kakan...”

“Shi ya sa za ta isa jingina. Baffa Dahan, duba mana.”

Hizam ya kwance ta ya miƙa. Tsohon ya auna ta a tafi, ya ƙwanƙwasa da farce, ya ce in ba shi allura da garwashi. Ya gasa allurar ya ɗora a ƙotar. Ta shige sumul, wani hayaƙi ya tashi.

Mahauci ya toshe hanci. “Wa ya ƙona bokiti?”

Baffa Dahan ya ce, “Karkandan nan a masana'antar roba aka haife shi.”

Wannan karon har Shehi sai da ya juya baya kafaɗunsa na girgiza. Hizam ya sunkuyar da kai cikin tumatir ya ce a hankali, “A tashar mota na saya.”

Da aka natsu, Baffa Dahan ya karɓi bindigar ya duba abin da ya rage. Ya ce wa Taƙiyya ba zai ɓoye mata ba, soson ƙarfe ya cinye rabin darajarta. Abin da zai iya bayarwa yanzu zai ishi maginan, amma ba zai ishi masu ɗauko dutse daga kwari ba. Ta dubi ƙaninta, kallon da na tabbata ya fi harbin zanzaro zafi.

Shehi ya yi shawara da dattawa, sannan ya ce, “Jini bai zuba ba, kuma kasuwa ta yi dariyar da ta daɗe ba ta yi ba, don haka dattawa sun yafe maka yanka sa. Za ka toshe tankina. Sannan za ka ɗauko wa yayarka dutse daga kwari a kafaɗarka, guda dubu ɗaya da ɗari uku da goma sha biyu. Wannan ba sai ka cire shi daga komai ba.”

Ya ɗauko kuwa. Satin farko yana yi yana mita, yana cewa a soja ma ba a yi masa haka ba. Sati na biyu bakin ya mutu, kafaɗa ta saɓule, tafin hannu ya fashe. Na ga ranar da ya zame ya gangara da dutse a ƙirji, ya tashi ya koma ya ɗauko shi ba tare da ya nemi mai kallo ba. Daga ranar na daina yi masa dariya, nakan kai masa shayi kwari da hantsi. Aka ɗora dutsen ƙarshe ranar Laraba, ruwa ya sauko ranar Juma'a kamar da bakin ƙwarya, katanga ko gezau. Taƙiyya ta tsaya cikin ruwan tana kallon itatuwanta, a nan ne na fara ganin hawayenta. Daga baya ta sa magini ya sassaƙa lambar nan a jikin dutsen sama.

Da kakar gahawa wani ɗan kasuwa ya zo daga San'a sayen 'ya'yan itacen, muka raka shi gonar ni da Hizam. Ya ga lambar ya tsaya yana shafawa.

“Ikon Allah, dubu da ɗari uku da goma sha biyu! Tun zamanin Turkawa katangar nan take?”

Na ga ƙirjin Kanar ya fara tasowa, bakinsa ya buɗe, na ce a raina shi ke nan, yau kakan kakansa zai zama magini. Sai ya dubi tafin hannunsa, ya dubi yayarsa da ke tsinkar gahawa a can gefe.

Ya ce, “A'a, ba shekara ba ce. Duwatsu ne. Ni na ɗauko su daga kwari, ɗaya bayan ɗaya.”

Baƙon ya ƙare masa kallo tun daga tumbi har jambiyar roba, ya leƙa zurfin kwarin, ya matso kusa da ni ya rage murya.

“Malam, wannan mutumin naku akwai cika baki.”